Juma'ar da Auta ya saki waƙa ta biyu

Ƙarfe 11 na dare ta gota, ƙafafuna sun yi tsami, maƙogwarona cike da ƙurar hunturu. Amma idan na kwanta ban rubuta ba, gobe rabin abin zai zube mini.

Yau ƙanina ya saki waƙa ta biyu cikin ukun da muka tsara za su riga albam fita. A gida Auta muke ce masa, a nan ma haka zan kira shi. Tun 12 na daren jiya waƙar ta hau Audiomack da YouTube, ni da shi muna zaune a soro, kowa da waya a hannu, muna jiran mutum na farko da zai saurara. Shi ya nace sai Juma'a, domin tun 2015 masana'antar waƙa ta duniya ta tsayar da ita ranar sakin sababbin waƙoƙi. Na ce masa a Kano Juma'a rabin yini ce, kafin ka juya an fara haramar masallaci. Bai saurare ni ba, ni ma ban ja ba.

Ban buɗe shago da kaina ba, yarona na bar wa makulli. Ƙarfe 8 muka tari adaidaita sahu zuwa gidan rediyon da suka ba mu minti 20 a shirin safe. Hazo ya rufe gari, da ƙyar kake hango motar da ke gabanka. Auta ya naɗe wuyansa da rawani, yana ta kurɓar ruwan citta daga wani ɗan filas, ko magana ba ya so ya yi don kada murya ta dushe.

Hirar ta yi kyau, ban da abu ɗaya. Waƙar yau ta biki ce, mai zafi, irin wadda ƙawayen amarya za su taka ranar kamu. Mai gabatarwa ya sa ta, ana shiga baiti na biyu ya rage sauti ya shiga karanta talla. Na ga fuskar Auta ta canja, domin a baiti na biyun nan ya fi zuba aiki. Sai dai da aka tambaye shi dalilin da ya sa yake sakin waƙa ɗai-ɗai maimakon ya saki albam gaba ɗaya, amsar da ya bayar ta sanyaya mini rai. Ya ce mai tuwo-tuwo ba ta sauke tukunya a gaban baƙo, ɗanɗano take fara ba shi, in ya yi masa ya zauna. Ban san inda ya samo wannan ba. Yaron da a gida sai ka yi masa tambaya uku kafin ya amsa ɗaya.

Gaskiyar maganar ta fi haka ɗaci, ni kuma na san ta domin ina cikin harkar waya. Ina yaro na ga lokacin da mawaƙi zai gama albam ya kai wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai, su saya, su buga kaset ko faifan CD, ya karɓi kuɗinsa a hannu ya tafi gida. Wannan kasuwa ta mutu, memori ya kashe ta. Yanzu idan ka zuba waƙa 9 rana guda, mutane za su tsinci ɗaya su bar 8 a kwance. YouTube kuwa ba ya fara raba maka kuɗin talla a kan dogayen bidiyo sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. Mun wuce na farkon, na biyun ne har yanzu muke rarrafe. Spotify ya shigo Najeriya a 2021, amma a cikin masu sauraron Auta, direbobi da teloli da matan aure a cikin gida, ƙalilan ne suka san da zamansa. Abin da ke ciyar da mawaƙi a garin nan shi ne a gayyace shi biki, ko a ba shi aikin waƙar amarya da ango, ko kakar siyasa ta zo. Waƙoƙin da muke saki yanzu, a zahiri, sallama ce muke yi a ƙofar mutane.

Saboda haka daga rediyo kasuwar waya ta Farm Centre muka nufa kai tsaye, wajen masu turi, masu zuba wa mutane waƙoƙi a waya da memori. Na bi su tebur-tebur, na tura musu waƙar kyauta da hannuna. Wani abokin Auta ya taɓa ce mini wannan kashe kai ne, mutanen da ke sayar da guminka ba su ba ka ko sisi kai kuma ka kai musu. Na fahimce shi. Amma shekara da shekaru ina zaune kusa da su, na san wanda ke zuwa wajensu. Direban da zai tashi zuwa Maraɗi ko Damagaram, ya miƙa memori ya ce a cika masa da sababbi. Yaron da ya zo daga ƙauye sayen batir, ba shi da kuɗin data. Ko mun ba su ko mun hana, zuwa yamma waƙar tana hannunsu. Gara su karɓa daga wajenmu, mai sauti mai kyau, da sunan yaron da hotonsa a jiki. Da ɗan gari akan ci gari. Wani a cikinsu ya jona ta a lasifika nan take, wasu samari biyu masu sayar da gilashin waya suka fara gyaɗa kai. Auta ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da laifi.

Mun yi Juma'a a Babban Masallaci kusa da gidan Sarki, daga nan muka taka zuwa marinar Ƙofar Mata, inda mai hoto yake jiranmu. Hoton bangon albam za a ɗauka.

Mahaifinmu marini ne. A nan ya yi rayuwarsa, a nan ciwon ajalinsa ya fara kama shi, lokacin Auta yana da shekara 4. Ni nake kai masa abinci bayan an taso mu daga makaranta. Allon da ke bakin ƙofa yana cewa tun 1498 ake rini a wurin, baƙi suna tsayawa su ɗauki hotonsa. Ni abin da idona ya fara sauka a kai yau shi ne ramukan da suka bushe, wasu an cika su da shara. Masu aiki 'yan kaɗan ne, yawancinsu dattawa. Wani abokin Baba ya gane ni tun daga nesa. Na durƙusa na gaishe shi, ya riƙe hannuna da hannunsa mai shuɗin da ba ya fita, ya dubi Auta ya ce, “Wannan ne ɗan ƙaramin? Kai ne aka ce kana waƙa?” Auta ya ce, “Ni ne, Baba.” Ya ce, “To, Allah ya sa albarka. Ka riƙa faɗin gaskiya a ciki.” Ya ba shi aron muciyarsa aka yi hoton da ita.

Waƙa ta uku, wadda za ta fita kafin albam, ta mahaifinmu ce. Duk abin da nake yi a harkar nan, kuɗin situdiyo da na mai da na fosta, saboda ita nake yi. Auta ya gina ta a kan kalma ɗaya mai fuska biyu: baba da ake jiƙawa a rami ya ba da shuni, da Baba da ya haife mu. Babu ganga a farkonta. Watannin baya ya je wajen mabuga da wayarsa ya naɗi sautin dukan da suke yi wa shadda a kan gungume, wannan bugun mai tashi da sauka shi ne kiɗan. Daga baya sarewa take shigowa. Tsawonta minti 7.

A kan minti bakwai ɗin nan aka yi ta yau a situdiyo, a Zoo Road, bayan la'asar. An ɗauke wuta, muka jira aka tayar da inji, ɗakin ya yi ɗumi. Mai haɗa mana kiɗa mutum ne da ya san aikinsa, kuma yana son Auta da gaske, wannan ba na shakka. Ya ce, “Yaya, ka yi haƙuri in faɗa maka. Babu mai zama ya ji minti 7 yanzu. A yanke ta ta dawo 3, a jawo amshin gaba, a ƙara masa gudu yadda 'yan TikTok za su iya hawa. In ta yi tashe a can, ita za ta ja albam ɗin gaba ɗaya.” Ya kawo misalin yadda a 2020, lokacin kulle, mata suka yi ta rawa da waƙar Hamisu Breaker a gaban mazajensu ana ɗauka a waya, har ta game ko'ina. Gaskiya ya faɗa, kowa ya ga wannan.

Na ce masa wannan waƙar soyayya ce, ta dace da abin da aka yi da ita, ta yau ma da muka saki a yi mata haka, ina murna. Amma ba kowace waƙa ce ta rawa ba. Mutanen garin nan har gobe suna kunna Bakandamiyar Shata su zauna su ji ta har ƙarshe, alhali tun 1999 ya rasu. Ɗan Maraya Jos da kuntigi kaɗai ya yi wa talakawa masu ƙananan sana'o'i waƙa, aka ji shi har ƙasashen waje. Kunnen Bahaushe bai gajarce ba, abin da ake zuba masa ne ya gajarce. Na ji muryata ta ɗaga, sai na yi shiru, domin ba da faɗa na zo ba.

Shi Auta bai ce uffan ba, yana ta juya littafin da yake rubuta baitocinsa, irin na 'yan makaranta mai 60. Na san abin da ke cin sa. Yana tsoron kada kuɗina su tafi a banza. Muna son albam ya fita kafin azumi, lokacin da bukukuwa suke cunkushe, domin da an ga wata harkar waƙa takan tsaya cak sai bayan Salla. Yana kuma mafarkin wata rana a sa bidiyonsa a shirin waƙoƙi na Zafafa Goma a tashar Arewa24, ya san waƙa mai minti 7 ba ta cika samun irin wannan gurbi ba. Muka tashi ba a yanke shawara ba. Mai kiɗa ya tura masa waƙar yadda take a waya, ya ce ya kwana da ita.

Bayan isha'i muka tarar da Inna a tsakar gida kusa da murhu, tana jin ɗumi. Ba ta taɓa jin waƙar ba. Tun farko ba ta so harkar nan ba, sai da kawunmu ya sa baki, ta yarda bisa sharaɗin babu batsa, babu zagin kowa. Ban san abin da ya shiga ran Auta ba, kawai ya durƙusa gefenta ya ce, “Inna, akwai abin da nake so ki ji.” Ya ajiye wayar a kan tabarma.

Da bugun mabuga ya fara, ta ɗago kai. Ba ta motsa ba har aka gama, minti bakwai cur, ta bar wutar tana cinyewa ba ta gyara itacen ba. Ni ina tsaye jikin bango ina kallon ƙasa. Da ta ƙare ta ja gefen mayafinta ta goge ido, ta daɗe ba ta yi magana ba. Sannan ta ce, “Mayar da ita baya, wajen da ka ce ya tsamo zane.”

Ya mayar. A baiti na huɗu ya ce Baba yana tsamo zane daga rami shuɗi kamar dare. Inna ta girgiza kai ta ce, “Ba haka yake fitowa ba, Autana. Kore-kore yake fitowa. Sai ya ɗaga shi ya sha iska, a hannunsa yake juyewa ya zama shuɗi. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagawa, har sai ya kai yadda yake so. Babanku yakan ce rabin rinin na rami ne, rabi na iska.”

Jikina ya yi sanyi. Na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba, ina tsugune da kwanon abinci ina jira ya wanke hannu. Waƙar nan na ji ta ya fi a ƙirga, ban taɓa lura ba. Auta bai gani ba, yana ƙarami, a bakin mutane ya tsinci mahaifinsa. Ni ya kamata in gaya masa.

Ya ɗauko littafinsa a nan gaban murhu ya soke layin. Ya tambaye ta ko ta yarda ya sa maganar Baba ta rami da iska a ciki. Ta ce, “Ai taku ce.” Ya rubuta, ya gwada rerawa a hankali, bai zauna a kan kari ba, ya sake. Layi ɗaya ya zama huɗu. Waƙar da ake so a rage, ga shi ta ƙaru.

Na fita soro na kira mai kiɗa. Na ce masa ba za a yanke ba, kuma akwai baitin da za a sake ɗauka. Ya yi shiru kaɗan, ya ce to, mu zo ƙarfe 10 kafin masu waƙar biki su cika masa wuri. Kuɗin zama ɗaya ne ya ƙaru a kaina, zan cire daga na fosta.

Na duba Audiomack kafin in fara rubutun nan, waƙar yau tana tafiya a hankali, wata ta rubuta daga Agadas tana tambayar yaushe albam zai fito. Ban ba ta amsa ba tukuna. Har yanzu ina jiyo Auta ta taga yana maimaita sabon baitin, Inna kuma ba ta shiga ɗaki ba.