Yadda muka je Ikko sayen jirgi muka dawo da inji kaɗai

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 lissafin jirginmu ya daina fita. Jirgin katako ne na kawuna, da shi muke dakon kaya daga Yelwan Yawuri mu gangara kasuwannin bakin tafkin Kainji, su Warra su Malale, a kai shinkafa da albasa da gishiri a dawo da bandan kifi, kuma injin da ke bayansa irin na ratayawa ne mai shan fetur haɗe da baƙin mai, inji ne mai amana bai taɓa barinmu a tsakiyar ruwa ba, amma kana dawowa ka cire kuɗin mai ka sallami yara sai ka ga abin da ya rage ko cefanen kwana biyu ba zai yi ba. Kawu ya ce mu koma injin gas, wato dizal, irin wanda ake girkewa a cikin jirgi. Na ce masa Kawu ai gas ma ya fi fetur tsada a lita, yace eh amma shi injin gas tsotsa yake, wannan namu kuwa kwankwaɗa yake.

Ana cikin haka wani dillali a Legas ya turo mana bidiyo ta WhatsApp, jirgi da injinsa tokumbo, kore shar sai sheƙi yake, ana tada shi bugu ɗaya. Ni dai da na gani har na fara lissafin riba. Kawu yace ba zai tura ko sisi ba sai na je na gani da idona, kuma ba ni kaɗai ba, sai da Baba makaniki. Baba tsoho ne a unguwarmu, tarakta da janareto yake gyarawa yanzu amma da ƙuruciyarsa ya yi shekaru a Warri yana aikin injinan jiragen ruwa, ba ya da yawan magana sai cin goro.

Cikin sanyin Janairu muka bi wata tirelar albasa, mu biyu a gaba da direba da yaronsa. Kontagora, Mokwa, sai gadar Jebba inda na leƙa na ga Kwara ɗin nan dai tamu da muka baro a gida tana ta tafiyarta, daga nan Ilori, Ogbomosho, Badun. Kwana biyu muka yi a hanya saboda taya ta fashe mana sau biyu ga shingayen hanya da ba sa ƙarewa, lokacin da muka sauka a kasuwar Mile 12 kayan jikina da jakata har da hulata duk warin albasa suke. A wajen 'yan garinmu masu sayar da albasa muka sauka, tabarma a bayan rumfa, alhamdu lillahi.

Washegari dillalin ya zo ya ɗauke mu zuwa bakin ruwa a Ikorodu. Jirgin na nan kamar yadda yake a bidiyo, har ya fi kyau ma. Mai shi wani mutum ne mai fara'a, yana ta ce min Alaji Alaji alhali ko Sakkwato ban cika zuwa ba balle Makka. Ya miƙa hannu zai murɗa makulli sai Baba yace a dakata. Ya sauka cikin ramin injin ya ɗora bayan hannunsa a jikin bulok ɗin, ya ɗan yi shiru, ya ɗago ya dube ni yace ɗana taɓa nan. Na taɓa, ɗumi kamar tukunyar da aka sauke ɗazu. Baba yace a gaya masa mun gode, za mu dawo jibi da rana.

Muna fita nace Baba ai ba mu ma ji ƙararsa ba. Yace injin da aka ɗumama kafin ka zo ba abin da zai gaya maka, ko wanda ya kusa mutuwa in ya yi zafi tashi yake, gaskiyar injin gas tana wajen tashin farko da sanyin safiya lokacin da ƙarfe ya kwana bai motsa ba, tunda shi ba fulogi gare shi ba, matsewar iska ce kawai take kunna man, in ringi da silinda sun cinye matsewar ta ragu to da safe za ka gane. Kuma yace ba jibi za mu koma ba, gobe ana idar da asuba.

Haka muka yi, dillali yana ta ƙunƙuni. Muka tarar da yaron da ke gadin jirgin yana wanke baki, aka kira mai shi ya zo fuska ba walwala. Aka murɗa, inji ya yi ta gurnani gur gur gur har batir ya fara sanyi bai kama ba, sai na ga yaron ya ɗauko tsumma ya jiƙa da fetur zai kara a bakin shan iska, Baba ya riƙe masa hannu. Da ƙyar a karo na huɗu ya tashi, farin hayaƙi ya turnuƙe mu kamar ana ƙona ɗanyen kara, kuma bai washe ba har bayan minti goma. A nan Baba ya karanta min hayaƙi, kuma na rubuta a wayata don kar na manta. Baƙi wuluk, man ne ba ya ƙonewa daidai, ko nozul sun lalace ko iska ba ta isa ko an ɗora wa injin kayan da ya fi ƙarfinsa, wannan sau da yawa gyaransa da sauƙi. Mai shuɗi-shuɗi, baƙin mai yake sha, ringi ne ko makamancinsa, ka shirya buɗe inji. Fari na ɗan lokaci da sanyin safe ba komai, amma farin da ya ƙi tafiya ko dai ruwa ne ke shiga inda wuta take ko kuma wata silinda ba ta kamawa. Ya zaro sandar auna baƙin mai ya goga a tafin hannuna, maimakon baƙi sai ga abu kamar shayin da aka cika wa madara. Ruwa ya haɗu da mai. Mai jirgi yace wai ruwan sama ne ya shiga, a watan Janairu fa. Baba bai tanka ba, ya sa farce ya kankare fentin a wajen wani kusurwa, ashe har kan tsatsa da tiyo da wayoyi aka bi aka fesa koren nan, mitar da ke ƙirga awannin aiki kuwa wayarta a tsinke take a baya, Allah kaɗai ya san shekarar da ta tsaya.

Gaskiya na ji kunya, don ni ne na yi ta zuga Kawu a kan wannan jirgin.

Kwana uku muka yi muna yawo bakin ruwa bayan nan, dillali na biyu, na uku, kowa da nasa. Wajen Kirikiri aka nuna mana wani ƙaton inji, Detroit 6-71, Baba na ganinsa ya washe baki kamar ya ga abokin ƙuruciya, yace irinsu ya yi ta gyarawa a Warri, ana tada shi ƙara ta cika wajen sai da na toshe kunne. Lafiyarsa ƙalau in ji Baba, amma yace in muka girka wannan a jirgin katakon Kawu sai ya wargaza shi ƙusa-ƙusa, ga nauyi, kuma ruwanmu in rani ya yi ja baya yake, ga kututturan itatuwan da tafkin ya shanye tun da aka gama dam ɗin Kainji a 1968 suna nan a ƙasa suna jiran farfela, jirgin da nauyi ke sa gindinsa ya shige ruwa da yawa ba namu ba ne. Muka wuce.

Wanda muka saya a ƙarshe ni da farko ko kallonsa ban yi ba. Wajen Oworonshoki ne, inda masu yashi suke, wani tsohon jirgi da ake jan kwale-kwalen yashi da shi, ƙasansa duk ruwa yaro na ta kwarfewa da yankakken galan. Injin ya yi baƙi ƙirin da maiƙo, ba fenti ba komai. Baba ya goge wata 'yar faranti a gefensa da yawu da babban yatsa ya karanta, Perkins 4.236, sai ya ce min ka san wannan? Nace a'a. Yace shi ne fa a cikin tarakta Massey Ferguson da yawa da ake huɗa da su a fadamunmu, silinda 4, lita kusan 3.9, wannan dai an yi masa kayan ruwa ne kawai. Ma'ana in ringi ko fiston ko gaskit ko nozul ya lalace ba sai an aiko Legas an jira mako biyu ba, masu kayan tarakta a Kontagora ko Birnin Kebbi ko Kano za a samu, kuma duk yaron da ya iya tarakta zai iya kwance shi. A nan na fara fahimtar abin da tsohon yake nema tun farko, ni ina neman mai kyau shi yana neman wanda in ya lalace a Malale ranar kasuwa za a iya tada shi.

Shi ma da asuba muka koma masa. Sanyi ƙalau, bugu na biyu ya kama, ya ɗan yi tari da hayaƙi kaɗan ya washe. Baba ya kwance murfin wajen zuba baƙin mai ya ɗora shi a sake a bakin ramin inji na aiki, yace ka kalla, in murfin ya yi ta tsalle ko iska ta cillar da shi to matsewa na zurarewa ta gefen ringi zuwa ƙasa, wannan kuwa ɗan rawa kawai yake a wajensa. Ya buɗe murfin ruwan sanyaya tun kafin ya yi zafi ya leƙa ko zai ga kumfa na tasowa, babu. Ya zagaya baya ya duba ruwan da ke fita tare da hayaƙin salansa, nan ne ya ɗan ɓata rai, yace ruwan ya yi kaɗan. Sannan ya ɗauko wani dogon sukundireba ya kafa bakinsa a jikin injin ya kara kunnensa a ƙotar, yana matsawa daga silinda zuwa silinda ido a rufe kamar likita, masu yashi suka taru suna dariya suna magana da Yarbanci, shi ko a jikinsa.

Mai jirgin ya so a gama ciniki a nan bakin gaɓa, Baba yace ina, inji a tsaye ba kaya ai kowa jarumi ne, a ɗaura masa kwale-kwale ɗaya cike da yashi mu shiga ruwa. Sai da muka biya kuɗin gas da na yara kafin suka yarda. Muka fita cikin lagun, gadar nan ta Third Mainland na miƙe a gefenmu kamar ba za ta ƙare ba, ni kuwa duk da a bakin ruwa aka haife ni sai da cikina ya ɗan juya don igiyar ruwan nan ba irin tamu ba ce. Baba ya sa aka buɗe masa wuta gaba ɗaya kusan rabin awa, ya sa aka saka giyar gaba aka cire aka saka ta baya sau da yawa yana sauraron ko za ta yi jinkiri ko ta buga, ya shinshina man giyabos ko yana warin ƙuna, ya ɗaura agogon auna ƙarfin baƙin mai nasa na kansa da ya taho da shi tun daga gida a cikin safa, don yace na jikin jirgi ba abin yarda ba ne, kuma mai in ya yi zafi ya tsinke a nan ake gane ko beyarin sun cinye. Duk ya wuce. Abu ɗaya ne, zafi ya yi ta hawa a hankali har sai da aka rage wuta.

Da muka dawo ya kwance famfon da ke jawo ruwan waje, 'yar robar nan mai fukafukai da ke ciki biyu sun karye. Ya buɗe tulun da ruwan waje ke bi ta cikin siraran bututu yana sanyaya ruwan inji, rabin bututun sun toshe da gishiri da ɓawon ƙananan katantanwa, ga gutsuttsuran robar a maƙale. Akwai wani ɗan ƙarfe kuma da ake ɗaurawa musamman don gishiri ya ci shi maimakon ya ci injin, zinki suke ce masa, nasu ya cinye saura kan noti. Baba ya raɗa min da Hausa cewa duk wannan aikin yini ɗaya ne, kuma in ya koma ruwan daɗi irin namu ya huta da gishiri, amma da ya juya wajen mai jirgi sai ya jera su a kan katako ɗaya bayan ɗaya yana girgiza kai kamar an yi mutuwa. Da wannan aka rage mana kuɗi mai kauri.

Gangar jirgin kam ba ta da amfani, na sa wuƙa a wani katako ta shige kamar cikin gwanda, kuma ko da mai kyau ce kuɗin ɗora ta a mota zuwa Yawuri ya isa a sassaƙa sabo a gida. Na kira Kawu na gaya masa, yace ba ni Baba, suka yi magana ta minti biyu, aka tsaya a kan inji da giyabos da shaf da farfela da tankin mai. Mai jirgi ya so ya cire batir da kik ɗin da ke tada injin wai ba sa cikin ciniki, aka yi ta ja har la'asar, ya riƙe batir muka tafi da kik. Na sa aka rubuta takarda da lambar da ke jikin farantin nan da shaidu biyu saboda masu tsaron hanya, dillali ya karɓi la'adarsa yana cewa bai taɓa ganin masu taurin kai irinmu ba.

Mutum takwas suka ciccibe shi da sarƙa da gungumen katako aka ɗora a tirelar da ta kawo mu, wadda za ta koma da kayan masarufi, aka ɗaure shi a kan tsofaffin tayoyi. Kafin mu tashi Baba ya sa na shiga kasuwa na sayo robar famfon nan guda 4, yace ita kam masu tarakta ba su da ita, kuma ruwan Kwara da damina yashi gare shi, cin ta zai riƙa yi. Biyu na ba Kawu, biyu suna cikin aljihun jakata har yanzu, ita ma jakar ba ta daina warin albasa ba.