Abin da Tsirkiya Huɗu Suka Koya Mini

Shekara uku na yi ina koyon jita ni kaɗai a ɗakina da ke Yelwa, a cikin garin Bauchi, kafin in taɓa tsayawa gaban jama'a tare da wasu makaɗa. A duk tsawon lokacin nan na ɗauka gwaninta a saurin yatsu take. Bayan sallar isha'i nakan zauna bakin katifa in yi ta maimaita salo guda, har kan yatsuna na hagu suka saɓule, suka warke, daga baya suka yi kanta. Ban raina wannan wahalar ba, domin ita ce ta sa hannuna ya san wuyan jita ko a cikin duhu, amma rabin karatun ke nan, kuma ban san da sauran rabin ba sai ranar da aka miƙa mini bes, wato jita mai tsirkiya huɗu da zurfin murya.

Ƙungiyar da na fara shiga ta mutum shida ce, kuma shugabanmu dattijo ne da ya yi shekaru cikin 'yan badujala kafin ya yi ritaya. Mai kaɗa musu bes ya koma Jos da aiki, masu jita kuma mun zama biyu, don haka aka ce ni ne zan karɓa. Raina bai so ba, saboda a ganina an rage mini matsayi ne, daga tsirkiya shida zuwa huɗu. Na kuma yi zaton abin zai zo da sauƙi, tun da saitin tsirkiyoyin bes, wato E, A, D da G, shi ne na tsirkiyoyi huɗu masu kauri na jita, sai dai muryarsu ta fi zurfi da hawa guda cikakke. Wurin da zan ɗora yatsa na san shi tun ranar farko. Lokacin da zan ɗora shi, da lokacin da zan ɗauke, su ne suka ci mini fiye da shekara.

Wani bikin aure da muka je a Dass ne ya buɗe mini ido. Zabiyarmu tana cikin waƙar amarya, mata sun cika fili ana liƙi, ni kuwa duk inda na ji ta ja numfashi sai in cusa salon da na kwana ina koya. Ban lura ba ashe ina gaban mai ganga da ɗan taƙi, kuma wannan ɗan taƙin ya isa ya rikita ƙafar masu rawa. Na ga wata dattijuwa ta tsaya cak da kuɗi a hannunta, ta waiwayo wajenmu, sannan ta koma ta zauna. Da aka tashi muna naɗe wayoyi, shugaban ya kira ni gefe inda babu mai ji, ya ce: "Ɗana, wa kake saurara ɗazu?" Na ce: "Baba, waƙar nake bi." Ya girgiza kai ya ce kaina nake saurara, kuma daga ranar kada in sake kallon yatsuna, in riƙa kallon ƙafar mai ganga.

Wata biyu na yi a wajen atisaye ba a yarda in buga komai ba sai uwar murya, wato sautin da kowane sashe na waƙa ya zauna a kansa, kuma sai daidai lokacin da gangar ƙafa ta sauka. Da farko abin ya gundure ni, amma sannu a hankali na fara jin wani abu da ban taɓa ji ba ina ni kaɗai: idan bes da ganga suka faɗi tare, sautin yakan zama guda mai nauyi wanda ake ji a ƙirji, kuma a kansa ne mai fiyano da mai jita da zabiya suke samun wurin taka ƙafa. Na kuma gane cewa tsayar da sauti aiki ne kamar fitar da shi, domin tsirkiya mai kauri ba ta yin shiru da kanta, sai an kwantar da yatsa an kashe ta. A nan na tuna da marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya tak, da yadda ya riƙe jama'a da shi shekaru da dama ba tare da kiɗan ya taɓa danne maganar ba.

Wannan batu na magana yana da girma a wajen mai kiɗa da Hausa. Harshenmu yana da karin sauti, hawa da saukar murya na iya sauya ma'anar kalma, shi ya sa kalangu yake iya kiran sunan mutum a gane. Mawaƙi yana bin karin kalmominsa ne, wani lokaci ya ja baiti, wani lokaci ya tsaya ya yi wa wani kirari, kuma ba zai jira ƙidayar da ka haddace a gida ba. Ga shi kuma da yawa daga kiɗan gargajiya da ake nema a biki suna tafiya ne da bugu uku-uku, alhali salon hailaif da na Kwango da na fara koya huɗu-huɗu suke tafiya. In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, kuma mai bes ne ya kamata ya fara jin sauyin.

Abokan aikina biyu a coci suka tashi, kuma daga gare su na koyi do-re-mi, wato kiran sautukan waƙa a jere da do, re, mi, fa, so, la, ti, wadda ta zama harshen da muke magana da shi a tsakiyar wasa. Mai fiyano zai ɗaga yatsa huɗu in san za mu sautin "fa", ya ɗaga biyar in san sautin "so" ne, ko da waƙar ban taɓa jin ta ba. Ina ganin duk mai son shiga ƙungiya ya fara da wannan kafin ya haddace salon kowa.

Kayan aiki ma sun koya mini nasu. A hunturu iskar Bauchi takan busar da katakon wuyan bes har ya ɗan motsa, tsirkiya ta riƙa gogar ƙarafan da ke jere a kansa tana zizar da ba a so, kuma gefen ƙarafan ya fito yana kartar hannu. Waɗannan ƙarafa su ne suka sa Leo Fender, Ba'amurke mai ƙera jita, ya kira bes ɗinsa na 1951 Precision, wato daidaito da Turanci, domin suna ba da sauti daidai, amma daidaiton yana tafiya da zarar katako ya juya. Da damina kuma gumi da laima suke cinye tsirkiya, kuma da yake sabuwa tana da tsada, sau da yawa ma sai an aika Jos, na koyi goge su da ƙyalle bayan kowane wasa, in kuma tafasa tsofaffin a ruwa su ɗan dawo da muryarsu na 'yan makonni. Na koyi ɗaukar wayar haɗa bes guda biyu, da kashe amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, kafin a tayar da janareta.

Atisayena na gida ya sauya gaba ɗaya. Yanzu nakan kunna manhajar ƙidayar bugu a waya, in sa ta a hankali ƙwarai, wajen bugu 60 a minti, domin a tafiyar sannu ne kuskure yake fitowa fili. Nakan naɗi wasanmu in saurara da abin kunne, tun da sifikar waya ba ta iya fitar da zurfin bes, in nemo wuraren da na riga mai ganga. Da na koma ɗaukar jita a wata ƙungiya a Gombe, sai na tarar hannuna ya rage surutu, ina barin wa mai bes sautukan ƙasa, ina jiran gurbin da mawaƙi ya bari.

A watan jiya, a wani ɗaurin aure, zabiyar da muka raka ta shigo da murya ƙasa da inda muka tsara, saboda mura ta kama ta. Ban dubi kowa ba, na sauko da hannuna gaɓa ɗaya, mai fiyano ya biyo ni, kuma matan da ke fili ba su fasa taku ba.