Mayar da Saitin Rauta Yadda Yake a Da

Duk wanda yake kula da rauta, wato na'urar da ke haɗa hanyoyin sadarwar kwamfuta, daga nesa ya san fargabar da ke cikin sauya saiti, domin layi ɗaya da aka rubuta ba daidai ba a dokokin tace bayanai ya isa ya katse hanyar da mutum yake bi ya shiga na'urar, alhali tana can wani gari a kulle.

A na'urorin Cisco, mutane da yawa suna zaton umarnin copy startup-config running-config yana dawo da komai yadda yake. Ba haka ba ne, haɗe saitin da aka adana (startup-config) da wanda ke aiki (running-config) kawai yake yi, saboda haka sababbin layukan da suka jawo matsalar suna nan daram. Umarnin da ya dace shi ne configure replace, wanda yake kwatanta saitin da ke aiki da wanda aka adana, ya cire abin da ya ƙaru, ya mayar da abin da ya ɓata.

A ganina, tsarin Junos da ke tafiyar da na'urorin kamfanin Juniper ya fi kwantar da hankali. Yana ajiye saituttuka 50 na baya, daga lamba 0 zuwa 49, kuma umarnin rollback 1 yana ɗauko wanda ya gabaci saitin da ke aiki, amma ba ya fara aiki sai an bi shi da commit, wato umarnin zartar da sauyi. Idan kuwa aka yi amfani da commit confirmed, na'urar za ta jira minti 10, in ba a tabbatar da sauyin ba ta koma tsohon saitinta da kanta.