Rana ba ta jiran amarya

Duk wadda ta zo shagona a Nima tana so in ɗauki hoton bikinta, kafin mu taɓa maganar kuɗi sai na tambaye ta ƙarfe nawa za a zauna, kuma ina kanofi zai fuskanta. Wata Hajiya har cewa ta yi, "Kai ɗan nan ina ruwanka da kanofi, ba hoto aka kira ka ba?" Na ce Hajiya ai ruwana ne tsundum.

Nan Accra rana ba ta sauya hali, wajen ƙarfe 6 ta fito wajen 6 ta faɗi, kusan duk shekara haka ne, kuma in ta tashi faɗuwa ba ta jan ƙafa, ana kiran Magariba kafin ka shafa addu'a duhu ya rufe. Hasken da nake bi da gudu shi ne na bayan La'asar, daga 4:30 zuwa 5:30, mai taushi mai ɗan ja-ja, wanda ke sa baƙar fata ta yi sheƙi, lallen hannun amarya ya fito raɗau. Amma a zaunar da mutane ƙarfe 1 rana na tsakar ka, inuwa ta taru ƙarƙashin ido, ɗaurin kallabi ya rufe goshi, kwalliya na narkewa, farar shaddar ango ta ƙone a hoto har aikin da ya biya tela tsada ba ya fitowa. Sai kanofi ja ko shuɗi, wayyo, kowa ya koma kalar tantin. Ni fari nake roƙo a kawo, in sa amarya da ango su ba rana baya, yarona ya riƙe rifilekta yana maido musu haske a fuska.

A Aboabo can Kumasi na koyi wannan, wajen maigidana Allah ya jiƙansa, lokacin fim, hoto 36 kawai a kowane nadi, in ka ɓata ɗaya daga aljihunka ne. Ana gobe biki zai tura ni filin in tsaya daidai lokacin da za a zauna, in dawo in gaya masa inda inuwar bango ta kwanta. Shi kuwa bayan hannunsa yake ɗagawa yana juyawa a hankali, inda fatar ta yi kyau nan zai tsayar da amarya. Har yau ina yi, yarana na min dariya.

Disamba da Janairu na fi so, hazon hunturu yana tace rana, sai dai ka yi ta goge gilashin kamara. Mayu da Yuni kam sai an tanadi mafaka, musamman masu son lambun Aburi da ke kan dutse a wajen Accra, layin dogayen bishiyoyin nan yana ba da hoto amma hadari ba ya sallama a kan dutsen.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya yaran nan ne masu waya, su karɓi ɗan abin da bai kai kuɗin motar haya ta trotro ba, su zuba filta amarya ta yi fari fat har kakarta ba ta gane ta, sannan a zo ana min ciniki da farashinsu. Bara wata amarya ta maƙale wajen mai kwalliya, na kira na kira, sai 6:10 ta iso, dole na kunna filasha, daga baya yayarta ta ce wai ba irin wanda ta gani a Instagram ɗina ba ne, a rage kuɗi. Ban rage ba.

Lahadi mai zuwa ina da wani a Madina, jiya na je na duba filin, akwai bishiyar mangwaro ta yamma da za ta tare min rana tun 5, don haka na ce su matsar da kujerun amarya gaba, kuma mai kwalliya ta sake ta kafin La'asar.