Alhamis: na zaɓi kwamiti na biyu

Yau ce ranar ƙarshe ta mayar da takardar zaɓen kwamiti na taron da za mu yi, wanda ɗalibai ke kwaikwayon zaman Majalisar Ɗinkin Duniya. Kwana uku takardar na cikin jakata ban cika ta ba. Na fita da wuri saboda Alhamis ce, ranar kasuwar Dole ta Damagaram, hanya cike da amalanke da 'yan kabu-kabu. Duk da haka na tarar an fara.

Malam ya rubuta kwamitoci huɗu a allo: Kwamitin Sulhu, kwamiti na biyu (na tattalin arziki da kuɗi) da na uku na Babban Zaure, sai Hukumar Lafiya ta Duniya. Kowa zai jera uku bisa yadda yake so. Kafin ya ajiye alli hannuwa sun tashi, kusan duk Kwamitin Sulhu ake tambaya. Kujera 15 ce kawai a ciki, kuma samarin ajinmu kujeru biyar ɗin nan na dindindin suke hari: Amurka, Rasha, Sin, Faransa da Birtaniya. Ƙawata ta raɗa mini, "Ke, sa shi a farko mana, can ne ake jin mutum." Gaskiya ni ma raina ya biya.

Sai Malam ya ba mu labarin Disamban 2021, lokacin Nijar na shugabancin kwamitin a ƙarshen wa'adinta na shekara biyu. Ita da Ayalan suka kawo daftarin ƙuduri da ke haɗa sauyin yanayi da tsaro. Ƙasa 12 suka amince, alhali ƙuri'a 9 ake buƙata. Indiya ta ce a'a, Sin ta yi rowar ƙuri'arta, Rasha kuwa ta hau kujerar na-ƙi, daftarin ya mutu nan take. Ajin ya yi tsit. Ni dai abin ya tsaya mini a rai, don maganar Sahel da tafkin Chadi ce, maganar ƙofar gidanmu.

Na ɗaga hannu. "Malam, to a kwamiti na biyu fa, akwai mai hanawa?"

Ya ce babu. Ƙasashe 193 ne, kowace da ƙuri'a ɗaya, babba da ƙarama. Amma kada in ruɗi kaina, in ji shi, ƙudurin can shawara ce, ba ya tilasta wa kowa. Aikin kuma na haƙuri ne: mutane da yawa, minti ɗaya ko biyu za a ba ka ka yi magana, sauran duk zagayawa ne kana neman masu sa hannu a daftarinka. Batun da aka ware wa kwamitin bana shi ne kwararowar hamada, kuma dole mu karanta yarjejeniyar yaƙi da hamada ta 1994 da aka ƙulla a birnin Paris.

Kwamiti na uku, na jinƙai da haƙƙin ɗan Adam, ya ja ni kaɗan saboda batun karatun 'ya'ya mata. Na lafiya na bar wa masu karatun likita.

Abin da ya yanke mini shawara gonar Kaka ce a wajen Matamaye. Tun ina ƙarama nake ganin yadda yake sassabe. In ya iske toho a kututture ba ya sare shi, sai ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran. Sassaben zamani suke ce masa. Yanzu gawo ne jere a gonar. Da damina yana zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma awaki su ci 'ya'yansa. Manoman Maradi da Damagaram sun farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 ta wannan hanya. Wannan na san shi da idona, ba sai na haddace ba.

Na rubuta kwamiti na biyu a sama, na uku a tsakiya, Kwamitin Sulhu a ƙasa. Ƙawata ta dube ni ta girgiza kai.

Da dare na gaya wa Baba muna zaune a tsakar gida, Inna na jera jarkoki ko famfo zai kawo ruwa kafin asuba. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To 'yata, wace ƙasa za ki wakilta?" A nan gabana ya faɗi. Ba a ba mutum ƙasarsa, kuma bakin ƙasar da aka ba ka za ka ara, ko da ra'ayinka ya saɓa. In aka ba ni ƙasar da ba ta san fari ba, ko wadda ake roƙo ta fitar da kuɗi, dole in kare matsayinta da Faransanci a gaban kowa.

Litinin za a liƙa sunayen ƙasashe. Gobe bayan sallar Juma'a zan kira Kaka ya faɗa mini shekarar da ya fara barin gawo a gonarsa.