Kwana biyu a Nuremberg, garin Albrecht Dürer

Daga Munik zuwa Nuremberg tafiyar kamar awa ɗaya ce a jirgin ƙasa. Ina sauka na nufi gidan da Dürer, shahararren mai zane ɗan ƙasar Jamus, ya zauna daga 1509 har rasuwarsa a 1528, a gindin tudun da fadar garin take.

Abin da ya riƙe ni shi ne ɗakin bugu. Wata dattijuwa ta nuna mana aikin tun daga tushe, har ta ƙara mini lokaci bayan sauran baƙi sun watse, Allah ya saka mata. Farantin jan ƙarfe ake karta da ƙarfe mai tsini, hannu na turawa, ɗaya hannun na juya farantin. A cusa baƙar tawada mai kauri cikin layukan, a goge saman da ƙyalle, a ƙarasa da tafin hannu. Sai a ɗora takarda mai danshi, a lulluɓe da bargo, a bi ta cikin matsi. In takardar ta bushe ba za ta tsotso tawadar ba, in an zarce wajen guga zanen ya fito fari-fari. Komai a juye yake fitowa, kamar aikin masu sassaƙa hatimi a gida. Mahaifin Dürer maƙerin zinariya ne, kuma hannun ɗan ya nuna haka. Maƙeran farfaru na Kano suka faɗo mini a rai.

Ta shimfiɗa mini kwafin zanen Hercules na wajajen 1498. A labarin Girkawa, jarumin ya iske mata biyu a mararraba, Nagarta da Holewa, kowace na kiransa. Na zaci zan ga Nagarta a natse. Ashe ita ce ta ɗaga kulki za ta rafka wa Holewa, wadda ke kishingiɗe jikin wani rabi mutum rabi bunsuru, Hercules kuwa ya tare da itace a tsakani. Tsiraicin ya yi wa ido irin namu yawa, amma na kasa ɗauke kai daga ganyayen bishiyoyin tsakiya, kowanne da layinsa.

Kwafin da ake sayarwa a shago ya yi tsada, takardar ma sheƙi gare ta, babu tudun tawadar da yatsa ke ji a bugun gaske. Ban saya ba.

Washegari na koma Munik, na tsaya gaban hoton da Dürer ya zana kansa a 1500, daga nan sai filin jirgi.