Kafin a dasa na'ura a jikin mutum, wa zai gyara ta?

Kafin mu kai ga na'urar da ake dasawa a jikin mutum, bari mu fara da wadda ake riƙewa a hannu ko ake sawa a fuska. Fasahar da ake kira AR ba ta da wuyar bayani. Kwamfuta ce ke ɗora hoto ko rubutu a kan abin da idonka ke gani a zahiri. Matuƙa jirgin sama sun daɗe da ita, domin akwai jiragen da ke haska gudu da nisan tashi a kan wani gilashi a gaban matuƙi, don kada ya riƙa sunkuyar da kai. Ga masu karatu a kwalejin koyon tuƙin jirgi ta nan Zariya, wannan ba baƙon zance ba ne.

Yau abin ya sauko cikin waya. Abu uku ke aiki tare: kyamara, da na'urar auna motsi, da na'urar auna juyawa wadda ake kira jairoskof. Kyamara na ɗaukar hoto sau 30 a daƙiƙa, manhaja tana tsintar alamomi a ciki, kamar kusurwar tebur ko tsagar bango, ta riƙa bin su don ta san inda wayar take. Apple ta fitar da nata tsarin, ARKit, a 2017, Google kuma ta saki ARCore a 2018. Wanda zai sayi waya a PZ ta nan Zariya saboda wannan aiki, ya fara neman manhajar Google Play Services for AR a Play Store tun yana gaban mai shago. In ta ce ba ta dace da wayar ba, to magana ta ƙare. Yawancin lokaci wayoyi masu araha ba su da jairoskof, kuma ba abu ne da mai gyara zai ƙara ba.

Ko wayar ta dace, wuri na iya hana ta aiki. Bango mai fenti fari fat ba shi da alamar da kyamara za ta kama, sai ka ga hoton yana zamewa yana yawo. Tayil mai ƙyalli ma haka, saboda hasken da ke jikinsa yana tafiya tare da kai. Amma tsohon bangon ƙasa mai zane irin na cikin birni, ko tabarma mai saƙa da aka shimfiɗa, nan take waya ke kama su. A ɗaga wayar daidai ƙirji, a karkata ta ƙasa kaɗan, a motsa ta dama da hagu a hankali na 'yan daƙiƙoƙi. A goge idon kyamara, musamman lokacin hunturu da ƙura ke lulluɓe komai. In an ɗauke wuta ɗaki ya yi duhu, a bari sai gari ya waye. A zafin bazara kuwa, waya na ɗaukar zafi da wuri, ta rage gudun kanta don kare kayan cikinta, hoto ya fara tsalle.

Tabarau masu AR ne ake cewa za su gaji waya, sai dai da sauran tafiya. Vision Pro na Apple ya fito a 2024 kan dala 3,499, nauyinsa ya kai giram 600, batirinsa kuma awa biyu ne da ɗan abin da ba a rasa ba. Ciwon kan da masu sa irin waɗannan ke kuka da shi yana da dalili biyu. Na farko, in ka juya kai hoton ya makara da fiye da kashi 20 cikin 1,000 na daƙiƙa, ido da kunnen ciki, wanda ke lura da motsin kai, sun saɓa, sai jiri ya biyo baya. Na biyu, tabarau kamar HoloLens 2 suna tsayar da ido kan nisan mita biyu, ko da abin da aka nuna maka yana kusa da hancinka, sai ido ya gaji.

Batun haɗa mutum da na'ura ya fi damuna, kuma tuni aka fara. Na'urar da ake dasa wa kurame tana da 'yan siraran wayoyin lantarki har 22 a cikin kunne, suna taɓa jijiyar ji kai tsaye. Bayan tiyata sai an jira makonni kafin a kunna ta, sannan a yi ta komawa wurin ƙwararre yana daidaita ta, ga batir, ga koyon sauraro na watanni. A Janairun 2024 kamfanin Neuralink ya dasa na'ura a ƙwaƙwalwar wani mai shanyewar jiki a Amurka, zare 64 masu ɗauke da maki 1,024 na karɓar saƙo, har ya iya sarrafa kwamfuta da tunaninsa. Cikin 'yan makonni da yawa daga zaren suka janye daga mazauninsu, sai da aka gyara manhaja don a ci moriyar ragowar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Argus II, na'urar da aka dasa a idon makafi fiye da 350. Kamfanin da ya ƙera ta ya daina yin ta a 2019, ya kusa durƙushewa a 2020, aka bar mutane da ƙarfe a ido babu tabbacin kayan gyara. Waya in ta lalace ka kai ta Sabon Gari ko ka jefa a aljihun tebur. Abin da ke cikin kai kuwa sai likita da wuƙa. Don haka duk iyalin da aka kawo wa shawarar dashe, su tambaya a rubuce: shekara nawa batirin ke yi, wa ke daidaita na'urar kuma a wane gari, ko mai ita zai iya shiga injin hoton MRI, kuma wa zai biya kuɗin cire ta in kamfanin ya rufe.